Ƙuri'ar ɓallewa kaɗai ba ta yin ƙasa

Ɗan'uwa, kana tambaya idan yanki ya jefa ƙuri'ar ɓallewa shikenan ya zama ƙasa? Gaskiya a'a, sai an duba ko uwar ƙasar ta yarda tun farko. Mutanen Kataloniya, wani yanki na Sifaniya, sun yi tasu a 2017, kotun Sifaniya ta ce haramtacciya ce, Madrid ta rushe gwamnatin yankin, shugaban yankin Puigdemont ya tsere Beljiyam.

Sudan ta Kudu kuwa akwai yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 da gwamnatin Sudan a ƙasa, wadda ta amince a yi ƙuri'ar, shi ya sa da kusan kashi 99 suka zaɓi rabuwa a 2011 Khartoum ta karɓa. Amma fa nan wahalar ta fara, yawancin man yana kudu bututun kuma ya bi ta arewa zuwa Port Sudan, rigimar kuɗin bututu ta sa Juba, babban birnin kudu, ta rufe rijiyoyinta a 2012, yankin Abyei da ke kan iyaka har yau ba a raba gardama a kansa ba, 'yan kudu da aka haifa a Khartoum suka wayi gari baƙi a unguwarsu, wannan abin tausayi ne wallahi, sai ga yaƙin basasa tsakanin shugaban Sudan ta Kudu Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar a Disambar 2013.

Kuskuren mutane shi ne barin maganar iyaka da bashi da takardun zama ɗan ƙasa sai bayan ƙuri'a. In takardunka ko dukiyarka abin ya shafa, nemi lauyan da ya san dokar ƙasar, kar ka tsaya kan maganar Facebook.