Amsa: Ina jin bugun zuciyata cikin kunne

Ƴar uwa, kin ce kwana biyun nan kwatsam kina jin zuciyarki na bugawa cikin kunne, dum dum, musamman da dare in kin kwanta. Ƙarar jini ce kike ji yana wucewa ta jijiyoyin da ke kusa da kunne, kuma cikin abubuwan da kan kawo shi akwai hawan jini ko ƙarancin jini. Mai ciki ma tana ji, haka mai zazzaɓi mai zafi da mai ciwon maƙoƙo, wani lokacin kuma dauɗar kunne ce kawai ta toshe ko ruwa ya taru bayan mura, sai ƙarar waje ta ragu ta ciki ta fito fili. Ki je likita a auna miki tansiyo, wato awon hawan jini, in yana kai 14/9 (wato 140/90) ko ya wuce to a bi shi, a kuma yi awon jini a leƙa kunnen. Don Allah kar ki ɗiga mai ko ki soka tsinke.

Ƙanwata a nan Maradi haka ta yi bayan haihuwa, har ta daina barci, muna cewa gajiya ce, ashe jini ne ya yi ƙasa, da aka ja fatar idonta ciki fari fat. Aka ba ta maganin ƙarin jini, ga hanta da zogale a gida, a hankali abin ya ɓace. Amma fa in kunne ɗaya ne kullum, ko da ciwon kai mai tsanani, jiri, ko ido na dishi-dishi, kar ki jira gobe, yau ɗin nan ki ga lokotoro.