Ina taurarin da muke gani a da?

Tambaya: Malam, muna yara a ƙauye kakarmu kan nuna mana Kaza da 'Ya'yanta. Yanzu ina zaune a Kano, in na ɗaga kai da dare sai 'yan tsirarun taurari. Raguwa suka yi, ko idona ne ya yi rauni?

Amsa: Ɗan'uwa, taurari suna nan yadda Allah Ya halicce su. Hasken fitilunmu ne ya rufe su. Fitilar kan titi, ta gidan mai, ta allon talla, duk wadda ba ta da murfi a samanta, tana watsa wani kaso na haskenta sama. Hasken ya bugi ƙura da hayaƙin da ke cikin iska, ya dawo mana, sai sararin ya yi fari-fari. Zara matar wata tana da ƙarfin haske, shi ya sa har yanzu kake ganinta. Ƙananan taurari su ne ke nutsewa. Lokacin hunturu abin ya fi muni, saboda hazo. Fararen fitilun LED da suka cika gari kuwa, shuɗin da ke cikin haskensu ya fi kowane launi bazuwa.

Taswirar hasken fitilu a sararin samaniya da masanin kimiyya Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama. Ƙasar Chadi tana cikin waɗanda samansu ya fi tsabta. Wani bincike na 2023 ya ƙiyasta cewa yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, in hasken fitilu ya ci gaba da ƙaruwa haka, kafin ya kai shekara 18 saura 100 zai iya gani.

Abin yana damuna, domin da taurari manomanmu ke lissafin damina, su san lokacin shuka. Tsuntsaye masu ƙaura cikin dare ma hasken birni na ɓatar da su.

Ka fita bayan gari a daren da babu wata, musamman bayan an yi ruwa ƙura ta kwanta. Ka ajiye waya, ka ba idonka minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu. A gida kuma, fitilar tsakar gida a sa mata murfi ta riƙa haska ƙasa, a zaɓi mai ruwan ɗorawa maimakon fara fat, wadda ba a bukata a kashe ta.