Kayan da ke ɗauke da tambarin kanti: ina ragin kuɗin yake fitowa?

Assalamu alaikum. Malama, kin tambaya ko me ya sa kayan masarufin da manyan kantuna ke buga wa tambarinsu suka fi na sanannun kamfanoni araha, ko hakan na nufin an rage musu inganci ne, sannan ko gaskiya ne masana'anta ɗaya ce take yin duka biyun. Na daɗe ina aiki a sashen sayo kaya na wani kamfani mai kantuna da yawa, aikina shi ne zama da masu masana'antu mu daidaita a kan farashi da inganci, saboda haka zan gaya miki yadda abin yake daga ciki.

Kuɗin da kike biya a kan kwalin sanannen kamfani ba kuɗin abin da ke cikinsa kaɗai ba ne. A ciki akwai kuɗin tallan da aka yi a talabijin da rediyo da intanet, da albashin wakilan da ke zagaya kantuna suna neman a karɓi kayansu, da ribar dillalan da kayan suka ratsa ta hannunsu, da kuɗin gwaje-gwajen da aka yi kafin a fito da shi, har da asarar wasu kayan da kamfanin ya fito da su a baya kasuwa ba ta karɓa ba. Akwai kuma wani kuɗin da masu saye ba su cika sani ba, wato abin da kamfani ke biyan kanti domin a ba sabon kayansa gurbi a kan kanta, ko a jera shi daidai inda ido zai fara sauka. Shi kuwa kanti, idan zai yi nasa kayan, kusan duk waɗannan ba su hau kansa ba. Kantar tasa ce, masu saye sun riga sun shigo da ƙafarsu, kuma tallan da yake bukata bai wuce ya ajiye kayansa kusa da na sanannen kamfanin ya bar farashin biyu su yi magana ba.

Wannan ne ya sa kanti yake iya sayar da nasa da araha, kuma duk da haka kason ribarsa a kai ya fi wanda yake samu a kan na sanannen kamfani. Kada ki ɗauka tausayin mai saye ne ya sa suke yin haka. Ban da ribar, kanti yana samun abu biyu. Na farko, ya ɗaure ki a jikinsa, domin idan iyalinki suka saba da kayan da ke ɗauke da tambarinsa, ba za ki same su a wani kantin ba, ba kuma za ki iya gwada farashinsu da na wani wuri kai tsaye ba. Na biyu, wanda a aikinmu ya fi muhimmanci, shi ne ƙarfin ciniki. Wakilin kamfani da ya zo neman ƙarin farashi yakan sassauta murya idan ya san akwai madadin kayansa a jere kusa da nasa. A watan Oktoban 2016 Tesco, mai manyan kantuna a Ingila, ta janye kayan kamfanin Unilever daga shafinta na sayarwa saboda saɓani kan ƙarin farashi bayan faɗuwar darajar fam, a farkon 2024 kuma Carrefour, mai manyan kantuna a Faransa, ta daina sayar da kayan kamfanin PepsiCo na wani lokaci a kan irin wannan dalili. Kantin da ba shi da nasa kayan da zai cike gurbi da wuya ya yi wannan ƙarfin hali.

Batun masana'anta ɗaya kuwa, akwai gaskiya a ciki, amma mutane suna wuce gona da iri. Masana'antar da injinanta ke zaune a wasu sa'o'i asara take yi, don haka da yawa sukan karɓi kwangilar kanti su cike lokacin. Wani tsohon shugaban Costco, babban kanti a Amurka, ya taɓa faɗa a fili lokacin yana kan muƙamin cewa Duracell ce take yin baturan Kirkland Signature, tambarin da kantin ya fito da shi a 1995. Sai dai akwai kamfanonin da ba su da wani aiki sai yi wa kantuna kaya, kamar TreeHouse Foods a Amurka, akwai kuma sanannun da suka daɗe suna ƙin yi wa kowa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, fitowa daga masana'anta ɗaya ba ya nufin haɗi ɗaya. Mu ne muke rubuta wa masana'anta ƙa'idar abin da muke so: yawan madara, irin man da za a zuba, kaurin kwali, da farashin da ba za a wuce ba. Na sha ganin inji ɗaya ya yi na sanannen kamfani da safe, da yamma a canza haɗi ya yi namu, an rage abu mai tsada an ƙara mai araha. Na kuma ga inda muka nemi haɗin da ya fi nasu kyau, domin muna so mu ƙwace musu masu saye. Sannan kwangila tana ƙarewa, wata masana'antar ta karɓa, kwalin bai canza ba amma ɗanɗanon ya canza. Idan kin taɓa jin haka a bakinki, ba zargi ba ne, abin da ya faru ke nan.

Masu cewa araha ba ta ado suna da hujja a tarihi. Da Carrefour ta fito da kayanta marasa sunan kamfani a 1976, da Loblaw ta Kanada ta biyo da No Name a 1978 cikin kwali ruwan ɗorawa da baƙin rubutu, babban abin da suke tallatawa shi ne sauƙin farashi. Daga baya kantuna suka raba kayansu hawa-hawa. Tesco ta fito da Value a 1993 a matsayin mafi araha, ta kuma fito da Finest a 1998 domin masu neman na ƙwarai. Yau akwai kantuna irin su Aldi da kusan kashi 90 cikin 100 na kayansu masu tambarinsu ne, kuma a Turai gaba ɗaya fiye da kashi ɗaya bisa uku na kuɗin da ake kashewa a kan kayan masarufi a manyan kantuna yana tafiya ne ga irin waɗannan kaya. Don haka idan wani ya ce miki ya gwada na kanti bai ji daɗi ba, ki tambaye shi wane hawa ya saya, domin tsakanin na ƙasa da na tsakiya akwai tazara mai yawa.

Ga yadda nake yi a gidana. Duk abin da yake abu ɗaya ne tak, kamar sukari da gishiri da fulawa da man girki, na kanti nake ɗauka ba tare da dogon tunani ba, domin babu wani sirrin haɗi da kamfani zai ɓoye a cikin gishiri, kuma dokar lafiyar abinci ɗaya ce take kan kowa. Inda nake taka-tsantsan shi ne kayan da daɗinsu ko aikinsu ya dogara ga haɗi, kamar biskit da cakulan da lemon kwalba da sabulun wanki. A nan sai an gwada. Sabulun wanki mai araha da sai an zuba ninki biyu kafin ya fitar da datti bai yi araha ba, haka ma takardar goge-goge da take yagewa da zarar ta jiƙe. Wajen gwaji kuma nakan juye abin a wani mazubi kafin in ba mutanen gida, saboda na lura ido yana riga harshe yanke hukunci. Ƙaramin kwali nake fara saya, ba katan ba.

Ki riƙa juya kwalin ki karanta bayansa. A ƙasashe da yawa doka ta wajabta a jera abubuwan haɗi daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, saboda haka idan a na kanti sukari ko ruwa ya hau gaba, alhali a ɗayan madara ce a gaba, kin ga inda aka yi ragin. Ki kuma gwada farashi da nauyi, kilo da kilo ko lita da lita, domin kwalaye biyu suna iya zama girma ɗaya a ido amma abin da ke ciki ya bambanta. Sannan lokacin da sanannen kamfani ya yi rangwame, kayansa kan sauko kusa da na kanti, wani sa'in ma ƙasa da shi, to a ranar babu dalilin barin sa.

Dole kuma in yi wa sanannun kamfanoni adalci. Galibi su ne suke kashe kuɗi su ƙirƙiro sabon abu, idan kasuwa ta karɓa sai kanti, wanda yake riƙe da lissafin abin da ake saye kullum, ya kwaikwaya, wani lokaci har da launin kwali. A 2021 Marks & Spencer, wadda ita ma kantuna gare ta, ta kai Aldi kotu a Ingila a kan wani kek da ta ce an kwaikwayi nata, suka sasanta a shekarar da ta biyo baya. Amma sanannen suna ba shi ne shaidar lafiyar kaya ba. A badaƙalar naman doki da aka sayar a matsayin na shanu a Turai a 2013, an same shi a kayan kantuna masu araha, an kuma same shi a na wani sanannen kamfani, domin dukansu sun dogara ne ga 'yan kwangilar da ba su bibiya yadda ya kamata ba. Bambancin da na gani a aiki shi ne, idan kayan kanti suka ba da matsala, wanda za ki kai wa ƙara yana nan a gabanki, sunansa ne a jikin kwalin, shi ya sa yawancin manyan kantuna suke saurin mayar da kuɗi a kan nasu kayan. Ki adana rasit ɗinki a karon farko da za ki gwada kowane iri.