Gwandata ta ƙi haihuwa: ƙusa za ta mayar da namiji mace?

Tambaya: Malam, gwanda shida na shuka a bayan gida a Unguwar Rogo, Jos. Uku sai dogayen zangarnun fure suke zubowa, ko ɗa ɗaya babu. An ce in kafa musu ƙusa su koma mata, in sun ƙi in sare su. Wata tara ke nan ina ban-ruwa, raina ya ɓaci.

Amsa: Hajiya, ajiye addar tukuna. Ukun nan maza ne, kuma doguwar zangarniyar ba cuta ba ce. Namiji ba shi da nauyin ɗa da zai ɗauka, aikinsa watsa garin fure, shi ya sa yake zubo furanni barjat a dogon reshe mai lilo, inda ƙwarin dare za su same su da sauƙi. Mace kuwa furenta kaɗan ne, manya, maƙale da kara a gindin ganye, domin nan ne zai iya riƙe ɗa mai nauyi. Haka gwandar daji take a Meziko da Amurka ta Tsakiya, asalinta, haka ma yawancin danginta: namiji daban, mace daban. Ta uku, mata-maza mai barbarar kanta, ita manoma suka yi ta zaɓa tun shekaru aru-aru.

To, maganar ƙusa. Wallahi na gaji da ita. Kusan kullum sai an kawo min: ƙusa, tsaga kara da wuƙa, datse kai, har da masu tallar wani ruwa a kwalba wai maganin juya gwanda. Jinsin yana cikin ƙwayar halitta tun tana iri, ƙarfe ba ya kai wa can. Abin da ke ruɗin mutane, musamman a nan Jos mai tudu kusan mita 1,200, shi ne sanyi kan sa namiji ya fitar da 'yan furanni mata-maza, sai a ga ƙaramin ɗa yana reto a doguwar igiya. Mai ƙusa ya buga ƙirji, alhali aikin sanyi ne. Abin da ƙusar ke yi kawai buɗe wa ruɓa ƙofa, ga karan gwanda dama holoƙo ne. Masu cewa launin iri ko nutsewarsa a ruwa na nuna mace, su ma shaci-faɗi suke.

Mafi muni, sai mutum ya fusata ya sare mazan kakaf, furen matan ya dinga kakkaɓewa, ya ce sammu aka yi masa.

Ki bar namiji ɗaya mai ƙarfi, ya ishi mata goma. Biyun ki cire. Baɗi ki ɗebi iri daga dogon ɗan gwanda na bishiya mata-maza wadda ta barbari kanta: kusan kashi biyu cikin uku za su fito mata-maza, sauran mata, babu namiji. Ki sa tsiro uku a rami, ki rage bayan fure ya nuna.