Frieren: kada ka yanke hukunci da kashi na farko kaɗai

Ɗan'uwa, ka ce an cika maka kunne da yabon Frieren, shirin nan na anime (zane mai motsi na Japan), ka kalli kashi na farko, sai ka ga babu faɗa, babu gudu, jarumin ma ya mutu tun kafin a je ko'ina, kana tambaya ko ka ci gaba ko ka adana datarka. Amsata ita ce ka kalli huɗun farko a zama guda, sannan ka yanke hukunci. Dalili kuwa, haka masu shirin suka fitar da shi. Ranar 29 ga Satumba, 2023, tashar Nippon TV ta Japan ta haska kashi huɗun nan a jere, wajen awa biyu, a gurbin daren Juma'a da ta saba sa manyan finafinai. Abin da ka gani rubu'in buɗewa ne kawai.

Na daɗe ina bin sababbin anime a duk lokacin da suke fitowa, wato Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, kuma yawancin na sihiri da takobi salon buɗewarsu ɗaya ne. Yaro ya mutu a duniyarmu, ya farka a wata, an ba shi ƙarfin da ya fi na kowa, sai wani ya tsaya yana karanto maka dokokin duniyar. Kamfani yakan zuba duk ƙarfinsa a kashi na farko don ya kama mutane, kafin a kai na biyar zane ya fara lalacewa. Idon da ya saba da wannan dole ya ga kamar Frieren barci yake yi.

Shi kuwa daga inda sauran suke ƙarewa ya fara. An riga an kashe Sarkin Shaiɗanu. Mutum huɗu sun dawo daga tafiyar shekara 10: Himmel jarumi, Heiter malamin addini mai son barasa, Eisen wada mai gatari, da Frieren, matsafiya daga jinsin nan masu dogayen kunnuwa da ake kira elf, wadda ta haura shekara 1,000 a duniya. A wurinta shekara 10 ba komai ba ce, shi ya sa ta yi musu sallama kamar wadda za ta leƙa kasuwa ta dawo, ta ce sai an haɗu kallon zubar taurarin da ke zuwa duk bayan shekara 50. Ta dawo ta tarar da Himmel ya tsufa ya rankwafa, kai babu gashi. Kukan da ta yi a bakin kabarinsa shi ne tushen labarin gaba ɗaya: ta san ran ɗan'adam gajere ne, amma ba ta taɓa ƙoƙarin sanin mutumin ba. Ka lura ma da rubutun da ke fitowa a allo, da mutuwar Himmel ake ƙirga shekaru. Mutumin da kake ganin an kawar da wuri, har ƙarshen zangon yana nan cikin tunaninta.

Inda ni shirin ya kama ni shi ne kashi na uku, kuma zan ɗan ɓata maka shi kaɗan, ka yi haƙuri. Akwai wani shaiɗani, Qual, wanda su Himmel suka kasa kashewa, sai dai suka ɗaure shi da sihiri. Shi ya ƙirƙiro Zoltraak, tsafin da ke huda kowace irin kariya. Bayan shekara 80 ɗaurin ya zo ƙarshe, ya farka yana tsammanin har yanzu shi ne dodon duniya. Ashe a tsawon wannan lokaci mutane sun zauna sun yi nazarin tsafin nasa, sun gina kariyarsa, sun mayar da shi darasin farko da ake koya wa ɗalibi. Fern, marainiyar da Heiter ya raina ya bar wa Frieren, ta ga abin ta ce ai wannan tsafin hari ne na yau da kullum. Faɗan bai daɗe ba, amma ya nuna maka yadda lokaci ke aiki a wannan duniya ba tare da an tsaya yi maka lacca ba. Idan ka wuce wannan kashi ba ka ji komai ba, da wuya sauran su burge ka.

Kashi na huɗu ne yake ba tafiyar alƙibla. Sun samo rubutun Flamme, malamar Frieren, da ke cewa akwai wani wuri a can ƙarshen arewa, Aureole, inda rayukan matattu suke hutawa, kuma a nan ne fadar Sarkin Shaiɗanu take. Wato za ta sake bin tsohuwar hanyar, wannan karon da yara. In faɗa kake nema, yana tafe: Stark, almajirin Eisen, mai ƙarfi amma matsoraci, yana shigowa a na biyar, sannan daga na bakwai zuwa na goma akwai rikicinsu da shaiɗaniya Aura, wanda a ganina ya fi faɗace-faɗacen shirye-shirye da yawa da ba su da aiki sai faɗa.

Ta fuskar aiki ba ni da ƙorafi. Kamfanin Madhouse ne, masu Death Note da Hunter x Hunter na 2011, daraktan zangon farko kuma Keiichiro Saito. Kiɗan na Evan Call ne, Ba'amurke mazaunin Japan, kuma don shi kaɗai ina ba ka shawara ka sa abin kunne. Zanen bai faɗi ba har kashi na 28, wanda aka haska a Maris 2024. Yana kan Crunchyroll, dandalin kallon anime a intanet, kowane kashi kusan minti 24.

Ba wai ba shi da aibu ba. Barkwancin akwatin nan mai haƙora da ke haɗiye kan Frieren an maimaita shi har ya gundure ni. Ɓangaren ƙarshe na zangon farko, na jarrabawar matsafa, ya tara sababbin fuskoki da yawa a lokaci guda, ya koma kama da shirye-shiryen gasa da muka saba gani. Wasu sun fi son wurin, ni dai na fi son lokacin da take yawo ƙauye-ƙauye tana karɓar ladan aikinta da ƙananan tsafe-tsafe marasa amfani, irin na cire tsatsa daga mutum-mutumi ko mayar da inabi mai zaƙi ya yi tsami. Kuma tunda wasu a nan suna kallo da ƙanne: sihiri da shaiɗanun ciki na tatsuniya ne, amma akwai jini da sare kai a wajen rikicin Aura.

In ka gama huɗun ka ga ba naka ba ne, kada ka tilasta wa kanka don mutane suna yabo. Solo Leveling da ya fara a Janairun 2024 zai ba ka faɗa tun daga farko, Dungeon Meshi kuma, na kamfanin Trigger da ke Netflix, yana tsakiya: akwai dodanni, akwai dariya, kuma dafa su ake yi a cinye. In ka kai wurin Qual, ka dawo ka faɗa mana yadda ka gani.