Kisan Gaggawa a Damben Keji da Maganar Ramuwa

Ɗana, ka tambaye ni ko wanda aka sumar cikin 'yan daƙiƙu a damben keji, wato gaurayen dambe da kokawa da shuri da ake kira MMA, yana da haƙƙin a sake haɗa shi da wanda ya kashe shi, tunda a ganinka ba a yi dambe ba, sa'a ce kawai ta yi aiki. Tambayar ta dace da mai koyon haɗa 'yan wasa, domin ranar da aka bar maka haɗi a gidan dambenmu na nan Gusau, wannan ƙorafin ne zai fi yawan zuwa gabanka, kuma masu kawo shi da zafi za su zo. Abin da nake gani shi ne saurin kisa shi kaɗai ba ya ba kowa haƙƙin ramuwa. Akwai abubuwan da ke ba da wannan haƙƙin, amma agogo ba ya cikinsu.

Bari mu fara da batun sa'a, domin a nan ne mutane suka fi zaluntar wanda ya yi nasara. A ranar 12 ga Disamba 2015, a Las Vegas ta ƙasar Amurka, Conor McGregor ɗan Ailan ya sumar da José Aldo ɗan Birazil cikin daƙiƙa 13, ya karɓe masa kambun UFC, babban kamfanin shirya damben keji. Wanda ya kalli wasan sau ɗaya zai ce tsautsayi ne ya afka wa Aldo. Wanda ya maimaita kallo zai ga Aldo ya taso da dama yana neman biyo ta da hagu, McGregor ya ɗan ja da baya, ya tarbe shi da hagu a haɓa a daidai lokacin da nauyin jikinsa duka yake tahowa gaba. Tun kafin ranar McGregor ya faɗa a bainar jama'a cewa Aldo zai zarce da damarsa kuma nan zai kama shi, an kuma ɗauki hotonsa yana gwada wannan tarbar a ɗakin shiri. Haka Jorge Masvidal ya yi wa Ben Askren a Yulin 2019, inda ya ruga ya yi tsalle ya sa masa gwiwa a kai cikin daƙiƙa 5, kisa mafi sauri a tarihin UFC. Askren ɗan kokawa ne da ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 2008, kowa ya san da an tashi zai sunkuya ya nemi ƙafa, kuma a kan wannan sunkuyon Masvidal ya yi ta atisaye. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Daƙiƙun da 'yan kallo suka gani kaɗan ne, amma watannin da aka yi ana nazarin abokin karo su ma cikin damben suke, kuma ba daidai ba ne a shafe su don an gama da wuri.

Duk da haka maganarka tana da ƙamshin gaskiya, ba zan hana ka ita ba. Safar hannun da suke sawa a keji ƙarama ce, nauyinta bai wuce giram 113 ko abin da ya ɗan ɗara ba, don haka ba ta tare naushi kamar babbar safar damben Turawa, kuma a ajin masu nauyi hannu ɗaya ya isa ya kwantar da kowane namiji. Wannan ya sa kisan gaggawa yana nuna wanda ya riga wani a daren, amma ba kullum yake nuna wanda ya fi wani ba. Babu misalin da ya fi na Cain Velasquez da Junior dos Santos. A Nuwamban 2011 dos Santos ya dirka masa dama a bayan kunne, ya gama da shi cikin daƙiƙa 64, alhali Velasquez ya shafe fiye da shekara bai yi wasa ba saboda aikin da aka yi masa a kafaɗa. Da suka sake haɗuwa a Disamban 2012, Velasquez ya cinye turmi biyar ɗin duka a takardun alƙalai uku, ya matse shi jikin keji, ya riƙa kayar da shi yana dukansa har minti 25 suka cika. A karo na uku, cikin Oktoban 2013, ya ƙarasa shi a turmi na biyar. Wanda ya yanke hukunci da daƙiƙa 64 ɗin farko ya ɗauka dos Santos ya fi ƙarfin Velasquez, kusan minti 50 da suka biyo baya kuwa suka nuna akasin haka.

Amma ka lura da abin da ya shiga tsakanin karon farko da na biyu, domin shi ne darasin sana'armu. Ba a mayar da Velasquez kan dos Santos nan take ba. Sai da ya huta, ya kara da Antonio Silva a Mayun 2012, ya gama da shi a turmin farko, shi ma dos Santos ya kare kambunsa a hannun Frank Mir a daren, sannan aka sake haɗa su. Da wannan tsari ba a tauye kowa ba: wanda ya ci ya mori nasararsa, wanda ya faɗi ya nuna cewa haɓarsa da zuciyarsa suna nan, 'yan kallo kuma suka zo karo na biyu da dalili. Georges St-Pierre ɗan Kanada ma wannan hanyar ya bi bayan Matt Serra ya ba duniya mamaki ya doke shi a turmin farko a Afrilun 2007, St-Pierre ya ci wasa biyu tukuna, sannan ya rama a Afrilun 2008. Ni dai a wurina wannan ita ce hanyar da ta fi kowace adalci, kuma ita nake so ka riƙe.

To, me ke ba mutum haƙƙin ramuwa? Babban abu shi ne abin da ya gina kafin faɗuwar. Aldo ya yi shekara goma ba a doke shi ba, ya kare kambun UFC sau bakwai, kuma bayan faɗuwarsa ya koma ya ci Frankie Edgar a Yulin 2016. Ya cika kowane sharaɗi, amma ba a taɓa ba shi McGregor ba, domin McGregor ya haura ajin da ya fi nauyi, bai kare wancan kambun ko sau ɗaya ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, kuma ina ganin an ci haƙƙin Aldo. Sai dai ka gane cewa shekaru goman ne hujjarsa. Da sabon yaro ne aka kashe a daƙiƙa 13, da ba ya bin kowa bashin komai. 'Yan ƙasarmu biyu sun samu abin da aka hana Aldo. Kamaru Usman haifaffen Auchi ya kare kambunsa sau biyar, yana kan gaba a maki, sai Leon Edwards ya yi masa shuri a kai saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, a Agustan 2022, aka ba shi ramuwa a Landan cikin Maris 2023, ya sake faɗuwa da maki. Israel Adesanya haifaffen Legas ya rasa nasa a hannun Alex Pereira a Nuwamban 2022, ya dawo a Afrilun 2023 ya sumar da shi a turmi na biyu. Dukansu a turmi na biyar suka faɗi, ba da wuri ba, kuma babu wanda ya ce tsawon wasan ya hana su ramuwa, domin tarihinsu aka duba.

Sai kuma inda aka samu shakka a kan yadda wasan ya ƙare. Idan tsokanar ido ce ta riga naushin, ko karon kai, ko duka a ƙeya, ko alƙalin wasa ya shiga tsakani alhali mutum yana kare kansa yana neman tashi, to tambayar da aka shiga keji domin amsawa tana nan ba a amsa ba. Ko a nan ma sai ka yi hattara, domin kusan kowane wanda aka tsayar yana rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau. A Janairun 2019 Henry Cejudo ya gama da T.J. Dillashaw cikin daƙiƙa 32, Dillashaw ya yi ta kukan an tsayar da wuri yana neman a sake, daga baya gwaji ya nuna ya yi amfani da haramtaccen maganin ƙara kuzari, aka dakatar da shi shekara biyu, maganar ta mutu. Kada ka tambayi wanda ya faɗi ko ya suma, shi ne mutum na ƙarshe da zai sani. Ka dubi hannuwansa, ko suna kare fuska ko sun saki, ka dubi ƙafafunsa da idanunsa a lokacin da alƙali ya shiga.

Yanzu abin da ya fi damuna, kuma shi ne inda nake tsoron kada ka kwashe al'adar dandalinmu ka ɗora wa keji. A dambenmu na gargajiya, da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, ko da santsi ne ya taimaka, kuma da yawa daga waɗanda ake kashewa suna miƙewa da hankalinsu, su karkaɗe ƙura su koma cikin ɓangarensu. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a kashe mutum a Kaura Namoda, bayan mako biyu ya nemi wanda ya kashe shi a Talata Mafara. A keji kuwa faɗuwa ba ta ƙare wasa, bin mutum ake yi ƙasa ana dukansa har sai alƙali ya raba, don haka wanda aka ce an kashe da sauri galibi ya suma ne ko ya kusa. Naushin haɓa yana juya kai da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma idan aka sake bugunta kafin ta warke, ɓarnar ta biyu takan fi ta farko. Hukumomin wasanni a Amurka sukan hana wanda aka sumar shiga wasa na wata ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, har da hana shi atisayen da ake taɓa jiki. Mu nan ba mu da likita a bakin dandali a yawancin wurare, saboda haka kai ne hukumar. Duk yaron da ka ga idonsa ya juye, ko ya tashi yana tambayar abin da ya faru, ko ya kwana da ciwon kai da amai, a kai shi asibiti, kuma kada ka rubuta sunansa a haɗi ko da ubangidansa ya rantse maka, ko da makaɗa sun cika gari da kirarinsa. Na ga mazan da aka yi ta mayarwa da wuri saboda zuciya, yau magana ma da ƙyar take fita daga bakinsu.

Akwai kuma mutanen da ba a cika jin muryarsu ba idan ana wannan gardama, wato waɗanda suke kan layi. Duk ramuwar da ka bayar nan take, ka tura wani yaro baya wanda ya ci wasa huɗu ko biyar yana jiran damarsa. UFC kamfani ne, sau da yawa abin da zai sayu shi ke yanke hukunci, kuma kai ma mai gidan dambe zai matsa maka saboda kuɗin ƙofa, domin babu abin da ke cika fili kamar ramuwa. Idan ya zo maka da wannan, ka nuna masa cewa karon da aka jinkirta wata uku, bayan kowannensu ya ci wani a tsakani, ya fi tara jama'a a kan wanda aka maimaita ran Juma'a mai zuwa. Shi kuma wanda ya faɗi, bayan ya huta, ka fara haɗa shi da mai irin hannun wanda ya kashe shi, bahago idan bahago ne ya kashe shi, dogo idan dogo ne, ka tsaya kusa ka ga ko ya gyara ƙofar da aka shigo masa ta ciki ko har yanzu a buɗe take.