Amsa ga ƙanen da mekanik ta ba 6 bisa 20

Ƙanena, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce kana shekarar farko ta karatun injiniya a nan Yamai, ba ka taɓa fashin darasin mekanik ba, wato ilimin ƙarfi da motsin abubuwa, duk abin da malam ya rubuta a allo yana cikin littafinka, a aji kuma kana jin ka gane, amma da aka raba takardu sai ga 6 bisa 20. Kana tambaya ko kanka ne bai ɗauka, ko malamin ne bai iya ba, ko kuwa ka sauya fanni tun da sauran lokaci.

Ni 5 na samu a tawa jarrabawar ta farko, shi ya sa zan tsawaita. Yanzu aikin gine-gine nake yi, na kuma yi ƴan shekaru ina riƙe wa ƴan shekarar farko ajin atisaye, wanda muke ce wa te-de. Na zauna a benci, na kuma tsaya gaban allo da alli a hannu.

Wannan "a aji ina ganewa" da ka faɗa, nan gizo ke saƙar. Kallon malam yana warware lissafi kamar kallon mai ginin tukunya ne: hannu na tafiya, yumɓu na bi, ka ce ai ba wuya. Sai ran da aka miƙo maka yumɓun. Malam ya riga ya yanke shawarwari masu wuya tun a gidansa: wane abu zai ware, ina zai sa kibiyoyin da ke nuna ƙarfi, a wane wuri zai ɗauki moman, wato ƙarfin da ke neman juya abu. Abin da ya iso allo sauran lissafi ne wanda ɗan lise ma zai iya. Kai kuma sauran kake kwafa. A ɗakin jarrabawa shawarwarin ake tambayarka.

A statik, wato sashen abubuwan da ke tsaye ba motsi, dokokin ba su cika tafin hannu ba. In matsalar a shimfiɗe take kan takarda, lissafi uku ne kacal: jimlar ƙarfi a kwance sifiri, jimlar ƙarfi a tsaye sifiri, jimlar moman sifiri. In ta fili ce mai tsawo da faɗi da zurfi, su zama shida. Ko dinamik da ke tafe, wato sashen abubuwa masu motsi, gindinta dokokin da Newton ya wallafa ne tun 1687. To me ke kayar da mutane? Zane. Kafin ka rubuta lamba ko ɗaya, sai ka cire abin da kake nazari daga duk abin da ke taɓa shi, ka zana shi tsirara, sa'an nan duk inda ka cire wani abu ka sa kibiyar ƙarfin da abin nan yake yi masa. Ka cire bango, ka sa kibiya. Ka yanke igiya, ka sa kibiya. Na gyara takardu da yawa, kuma mafi yawan waɗanda suka faɗi tun a zanen suka faɗi: an manta nauyin abin, ko an sa ƙarfin da abin ke yi wa bango maimakon wanda bango ke yi masa.

Abin da ya buɗe mini kai, wani abokin karatuna ne ɗan Tawa. Muna zaune da dare, wuta ta ɗauke, zafin watan Afirilu, muna fama da moman a hasken fitila. Sai ya ture littafin ya ce mini, "Kai, ba ka taɓa ganin ɗan garuwa ba?" Ya ɗauko muciya ya ɗora a kafaɗa. Ya ce sanda mita ɗaya da rabi, garwa cike a gaba kilo 20, ta baya an sayar da rabi saura kilo 10, ina zai sa kafaɗa? Ban yi lissafi ba na ce kusa da mai nauyin. Ya ce to nawa? Muka duba: rabin mita daga mai nauyin, mita ɗaya daga ɗayar, 20 sau 0,5 daidai da 10 sau 1. Moman ke nan, ƙarfi sau nisa, abin da na yi wata biyu ina haddace sunansa da Faransanci. Tun daga ranar nake ganinsa ko'ina. Mai gyaran taya in noti ya ƙi kwancewa sai ya zura wa kile, wato sifana, dogon bututu: ƙarfin hannunsa niyuton 300 ne ko yaya (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), amma a santimita 30 yana ba da moman 90, a mita ɗaya yana ba da 300. Bai taɓa shiga amfi, babban ɗakin lacca na jami'a, ba.

Haka ma maganar madogara, wadda ɗalibai ke haddacewa kamar karatun allo: wannan kibiya ɗaya, wannan biyu, wannan biyu da moman. Tambayi kanka kawai, wane motsi madogarar ta hana? Duk motsin da ta hana, akwai ƙarfi a nan. In kana bi ta Gadar Kennedy, wadda ke tsaye kan kogin Kwara tun 1970, ko ɗaya daga cikin sababbin, ka lura da tsagin da ke tsakanin sassan gadar, inda taya ke ɗan bugawa. Ƙarfe da kankare suna miƙewa da zafi. Tsawon mita 100 in zafi ya ƙaru da digiri 30 yakan ƙaru da kusan santimita 3,6. Shi ya sa ake barin gefe ɗaya ya iya zamewa. Ƴar da'irar nan da malam ke zanawa ƙarƙashin katako, ita ce wannan.

Yanzu maganar malam. Ba zan ce maka duk malami mai gaskiya ne ba. Na yi wani wanda in ka ɗaga hannu sai ya tambaye ka da wane maki ka ci bak, aji ya fashe da dariya, ka koma ka zauna jiki a sanyaye. Bayan mako uku ba wanda ya sake ɗaga hannu, shi kuwa ya ɗauka ajinsa ya yi kyau. Irin wannan, ka karɓi darasinsa ka kai tambayarka wani wuri: wurin mai te-de, ko yayyenka ƴan shekara ta biyu da ta uku.

Amma da na tsaya gaban allo na ga ɗaya fuskar. Ka juyo ka ce "akwai tambaya?", fuskoki sun yi tsit, wasu na gyaɗa kai. Awa biyu gare ka, manhaja ba ta ƙare ba, shekara ta riga ta gajarce. Me za ka yi? Sai ka wuce. Ran da na fara gyaran takardunsu na gane gyaɗa kan nan ladabi ne, irin wanda aka koya mana a gida, cewa ba a tsayar da babba yana magana. Ladabin yana da kyau a zaure. A ajin mekanik yana sa malam ya yi ta gudu shi kaɗai. Kuma in za ka yi tambaya, kada ka ce wa malam "Mushe, ban gane ba", don ba ta da bakin kamawa. Zai maimaita maka abin da ya faɗa da sauri iri ɗaya. Ka ce, "Mushe, a layi na uku, me ya sa wannan ƙarfin ya ɗauki alamar ragi?" Ko malami mai zafin rai yakan tsaya wa irin wannan, don ya ga ka bi shi har layi na uku.

Wani abu da zan roƙe ka ka rage shi ne tara korije, amsoshin jarrabawar shekarun baya da ake yi wa fotokofi ana yawo da su a WhatsApp. Ni ma na tara su har jaka ta yi nauyi. Karanta amsa yana da daɗi, yana sa ka ji ka iya, alhali kallon mai tukunyar nan ne aka sake. In za ka yi amfani da su, rufe amsar da littafi, ka ba kanka minti 20 kai da farar takarda. In ka maƙale, buɗe layi ɗaya kawai, ka sake rufewa. Atisaye uku a haka sun fi talatin da aka karanta a kwance kan katifa. Ka kuma shiga te-de ka riga ka gwada, ko da duk kuskure ne. Wanda ya zo da kuskurensa shi ke fita da wani abu.

Ku nemi ku uku, kada ku wuce huɗu, in ba haka ba ta koma fada da shayi. Kowa ya tashi ya yi bayani da bakinsa, da Hausa ko Zabarmanci, yadda ya sauwaƙa. Faransanci yana iya ɓoye rashin ganewa, don jimlar malam tana nan a kanka ka maimaita ta. Da Hausa ba ka da abin maimaitawa, dole ka san abin da kake nufi.

Ranar jarrabawa kuma, yi zanen babba, rabin shafi in ta kama, ka rubuta lissafin da haruffa kafin ka sa lambobi. Mai gyara yakan ba da maki a kan zane da tsarin lissafi ko da lambar ƙarshe ta kuskure. Kada ka haɗa kilo da niyuton: kilo 20 nauyinsa niyuton 196,2 ne, sau 9,81. In ka gama, dubi amsar da idon ɗan garuwa, madogarar da kaya ya fi kusa da ita ita za ta fi ɗauka.

Batun sauya fanni, ka dakata tukuna. Maki 6 na farko bai isa hujja ba, ga ratrapaj, wato jarrabawar zagaye na biyu, a gaba, kuma darasin ƙarfin kayan gini da ke jiranka baɗi a kan wannan zanen yake zaune, gara ka gyara shi yanzu.

Ga abin da za ka gwada daren yau. Katako mai tsawon mita 6 a kwance kan madogara biyu, A da B, ɗaya a kowane ƙarshe. An ɗora masa kaya na kiloniyuton 12 a nisan mita 2 daga A, kada ka lissafa nauyin katakon. Nemo abin da kowace madogara ke ɗauka. Kada ka turo mini lambobin kawai, ɗauki hoton zanenka da duk gogen da ka yi a kai ka turo, shi nake son gani.